Tsatsa Da Kumburi Cikin Hanyoyin Jini

Ɗauki farin goro ka fasa shi biyu, ka ci rabi, ka ajiye rabi a bakin tabarma. Kafin ka gama hira da baƙonka, za ka ga fuskar da ka fasa ta sāke, ta yi ja, ta fara duhu. Uwargida ma ta san wannan. In ta fere doya ba ta tsoma ta a ruwa ba, sai ta yi baƙi-baƙi. Man gyaɗar da ya daɗe a kwalba ba murfi yakan canja wari, ya yi ɗaci. Fartanyar da aka manta a gona cikin damina kuwa, ba sai an faɗa ba.

Goro da doya da mai da ƙarfe, abu ɗaya ne ya same su duka, wato iska. Cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 wani abu ne da ake kira oksijin. In babu shi mutum ba ya wuce 'yan mintoci da rai. Amma shi ne kuma yake cin ƙarfe, yake lalata mai. To, in yana yi wa fartanya haka, me yake yi wa jikin da ke shaƙarsa dare da rana har shekara saba'in?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da na hanyoyin jini suka kashe a shekara ta 2019. Wato cikin kowace mutuwa uku, kusan ɗaya tasu ce. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan kuwa ba a ƙasashen masu arziki suka mutu ba. Dā mukan ce ciwon zuciya na Turawa ne da manyan attajirai. Yanzu da wuya a sami unguwar da ba ta da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda aka ce “jiya-jiya muka gaisa da shi.”

Aikin zuciya da abincinta

Zuciyarka ba ta fi dunƙulen hannunka girma ba, amma tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana. Jinin da take turawa a yini da kwana ya kai lita 7,000, misalin duro 35 ke nan. Ma'aikaci irin wannan dole ya ci abinci. Abin mamaki shi ne, zuciya ba ta ƙoshi da jinin da ke wucewa ta cikinta. Tana da nata ƙananan jijiyoyi da suka kwanta a bayanta kamar saiwar itace, su ne ke kai mata oksijin. Faɗin kowace bai fi na bututun tawadar cikin biro sosai ba. In ɗaya ta toshe, naman zuciyar da ke gaba da wurin zai fara mutuwa kafin awa guda ta cika. Wannan shi ne ciwon zuciya na farat ɗaya. In kuwa jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Yawancinmu mun ɗauka kitse ne yake taruwa a jijiya kamar yadda laka take cika kwata, kaɗan kaɗan, har ruwa ya kasa wucewa. Likitoci ma sun daɗe suna kwatanta shi haka. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Jijiya ba bututun roba ba ce. Nama ce mai rai, tana jin rauni, tana kumbura, tana warkewa ta bar tabo.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Rudolf Virchow, ya duba irin waɗannan jijiyoyi da madubin likita, ya ce shi kumburi yake gani a bangonsu. Ba a riƙe maganarsa da ƙarfi ba. A shekara ta 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya yi ta ciyar da zomaye da kolestarol, wato wani irin maiƙo da ke cikin jini, sai jijiyoyinsu suka lalace kamar na mutane. Daga nan hankali ya koma kan maiƙo. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 20 aka gane su biyun duk sun yi gaskiya, kowa ya kama gefe ɗaya.

Kada kuma a ce abin na tsofaffi ne. A lokacin yaƙin Koriya, likitocin sojan Amurka sun buɗe zukatan sojoji 300 da aka kashe a fagen fama. Samari ne majiya ƙarfi, shekarunsu a tsakaice 22. Rahoton da aka buga a 1953 ya ce kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara samun lahani a jijiyoyin zuciya. Abin da ya kā da mutum yana da hamsin da biyar, tun yana saurayi ya fara.

Tartsatsin murhu

Jiki yana ƙona abinci da oksijin don ya sami ƙarfi, kamar yadda murhu yake cin itace. Kowa kuwa ya san wuta ba ta ci ba tartsatsi. A jiki ma haka ne. Wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ya zama wasu ƙwayoyi masu zafin nama, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya. Duk abin da suka taɓa, ko maiƙo ne ko bangon ƙwayar jiki, sai su ƙwace masa wani abu su bar shi a lalace, shi kuma ya lalata na kusa da shi. Bari mu kira su tartsatsi.

Jiki bai zauna haka kawai ba. A 1969 masana biyu a Amurka, McCord da Fridovich, suka gano wani sinadari a jiki wanda ba shi da wani aiki sai kashe irin wannan tartsatsi. Akwai waɗansu kuma irinsa. Wasu jiki ne yake yinsu da kansa, wasu kuwa daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Muddin masu kashewa sun yi daidai da masu tashi, lafiya lau. Matsala tana zuwa sa'ad da tartsatsi ya yi yawa har ya fi ƙarfin masu kashe shi. A 1985 wani Bajamushe, Helmut Sies, ya ba wannan hali suna na musamman. Mu a nan za mu ce masa tsatsar jiki.

Me ke ƙara tartsatsin? Hayaƙin taba yana gaba. Sai hayaƙin itace da ƙurar gari, da hawan jini, da yawan sukari a jini, da kitsen da ke taruwa a tumbi.

Maruru a bangon jijiya

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace jijiya tana da shimfiɗa a ciki, siririya ƙwarai, mai santsi, don jini ya wuce ba ya makalewa. Kolestarol ba ya narkewa a jini, don haka a cikin wasu 'yan ƙunsoshi yake yawo. Irin ƙunshin da ke kawo wahala shi ne wanda likitoci suke kira LDL. In LDL ya yi yawa a jini, ko kuwa shimfiɗar ta ji rauni saboda taba ko hawan jini, sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashinta yana makalewa a bango. A can tartsatsi yake samunsa. Sai ya lalace kamar man gyaɗar nan na kwalba.

Da ya lalace, jiki ba ya ƙara gane shi. Yana ɗaukarsa baƙo ne, kamar ƙaya ko ƙwayar cuta. Sai shimfiɗar ta yi kira, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su taho su shiga bango su fara haɗiye shi. Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1985, sun lura cewa waɗannan sojoji ba su cika kula da lafiyayyen LDL ba, amma in an sāke masa kama sai su yi ta ci ba ƙoshi. Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna tsatsa tana iya yin wannan sākewa. Sojojin sukan ci har su cika da maiƙo su zama kamar kumfa, su mutu a wurin. Kafin su mutu kuwa sun kira waɗansu, sun kuma watsa nasu tartsatsi, gama da shi suke yaƙi. Tsatsa ta kira kumburi, kumburi ya ƙara tsatsa.

Kumburi ba mugun abu ba ne a kan kansa. In ƙaya ta soke ka, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, jiki ne yake aikinsa. Ka cire ƙaya, kwana uku ka manta. Amma a bangon jijiya ba a cire ƙayar, kullum ƙara ta ake yi. Sai kumburin ya zauna shekara ashirin, talatin, ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da zai sa mutum ya je asibiti.

A ƙarshe abin da ke bangon ya fi kama da maruru, ba laka ba. A tsakiya akwai maiƙo da matattun ƙwayoyi kamar mugunya, a sama jiki ya rufe shi da murfin tabo. In murfin yana da kauri, mutum yana iya tsufa da shi, iyaka ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu. Amma sojojin nan suna fitar da abin da ke cin murfin har ya zama siriri. Rana ɗaya sai ya fashe. Jini ya tarar da abin da ke ciki, ya daskare nan take, gudan jini ya toshe hanya. Da yawa daga cikin marurun da ke fashewa ba su ma rage faɗin jijiya da rabi ba kafin ranar. Shi ya sa mutum zai yi noma ranar Asabar, ya faɗi ranar Litinin. A 1999 Russell Ross na birnin Siyatil ya tattara wannan bayani duka cikin wata maƙala, ya ce cutar jijiya cutar kumburi ce. Virchow ya sami mai tsaya masa bayan shekara fiye da ɗari.

Akwai wata ɓarna kuma da tsatsa take yi. Shimfiɗar jijiya tana fitar da wata iska kaɗan kaɗan, ana ce da ita naitirik oksayid, wadda take sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa. Tartsatsi yana cinye ta da sauri. In ta ragu, jijiya ta ƙanƙance, jini ya ƙara hawa. Mutum uku da suka gano aikin wannan iska, Furchgott da Ignarro da Murad, sun sami lambar Nobel a 1998. A nan akwai abin dariya kaɗan. Alfred Nobel, mai lambar, da nakiya ya yi arziki, nakiyar kuwa da naitirogilisarin ake yinta. Da ciwon ƙirji ya kama shi gab da mutuwarsa a 1896, likitocinsa suka ce ya sha naitirogilisarin ɗin. Sai bayan shekaru masu yawa aka gane maganin yana aiki ne ta wurin sakin wannan iska a jijiya.

Kwalbar bitamin ba ta fitar da kowa ba

Da aka fahimci haka, mutane suka yi murna. Suka ce ai abu ya yi sauƙi. In tsatsa ce, bitamin E kuwa yana hana tsatsa, sai kowa ya riƙa sha. An kuma ga masu cin ganye da 'ya'yan itace da yawa ba su cika ciwon zuciya ba. Kamfanoni suka cika kantuna da kwalabe. Likitoci da kansu da yawa suna sha.

Sai aka gwada yadda ya kamata. Akan raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu ƙwayar gaske, a ba wasu ƙwayar da ba kome a cikinta, ba wanda ya san wadda yake sha, a jira shekaru, sa'an nan a ƙirga. A ƙasar Finlan an gwada maza 29,133 masu shan taba. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza kowa: waɗanda aka ba beta-karotin, abin da ke sa karas ja, sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwaji irinsa a Amurka dole aka tsai da shi a 1996 saboda dalili ɗaya. A shekara ta 2000 wani babban gwaji da aka jagoranta daga Kanada, mai mutum 9,541, ya nuna bitamin E bai rage ciwon zuciya ko kaɗan ba.

Wanda ya fi koyarwa shi ne na Ingila, da aka buga a 2002. Mutum 20,536 aka bi har shekara biyar, aka gwada abu biyu a kansu a lokaci guda. Haɗin bitamin E da C da beta-karotin bai hana kome ba. Amma maganin rage LDL, irin wanda ake kira statin, ya rage ciwon zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Mutane ɗaya, shekaru ɗaya. Rage man da ke shiga bango ya yi aiki, zuba bitamin a kansa bai yi ba.

Me ya sa? Masana sun kawo dalilai. Ƙwayar da ka haɗiye ba lalle ta kai lungun da tartsatsi yake tashi ba. Kuma ba duk tartsatsi ne abokin gāba ba. Da shi sojojin jiki suke kashe ƙwayoyin cuta, har akwai yaran da ake haifa jikinsu ba ya iya yinsa, su kuwa ba sa rabuwa da ƙuraje da ciwon huhu. Motsa jiki ma yana ta da tartsatsi na ɗan lokaci, wannan ne yake sa jiki ya ƙara shirya masu kashe shi. Ganyen zogale kuwa ba bitamin ɗaya ba ne. Abubuwa ne masu yawa tare, mai cinsa kuma ya rage wurin da soyayyen abu zai shiga.

Muna faɗin wannan ne domin har yanzu ana bi gida gida, ana shiga motocin haya, ana tallar ƙwayoyi da garin magani masu tsada da sunan suna “wanke jini.” Wanda likita ya ce yana da ƙarancin wani bitamin, ko mai ciki da aka rubuta mata, su sha nasu. Amma maigidan da zai bar maganin hawan jininsa ya sa kuɗin a irin waɗannan kwalabe, ya yi asara biyu.

Da aka taɓa kumburin kansa

Gefen kumburi ya fi ba da amfani. In akwai kumburi a jiki, hanta tana fitar da wani abu da ake kira CRP, ana iya auna shi a jini. A 1997 Paul Ridker na birnin Boston ya nuna cewa maza masu lafiya waɗanda CRP ɗinsu ya fi yawa sun fi fuskantar ciwon zuciya daga baya. Amma hayaƙi ba shi ne wuta ba. Sai an kashe kumburin an ga ko ciwon zai ragu.

An yi haka. A 2017 aka ba da sakamakon gwajin mutum 10,061 da suka taɓa yin ciwon zuciya. An riƙa yi musu allurar wani magani, kanakinumab, sau ɗaya a wata uku. Ba ya taɓa maiƙon jini ko kaɗan, kumburi kaɗai yake ragewa. Duk da haka sabon ciwon zuciya da shanyewar jiki sun ragu da wajen kashi 15 cikin 100. Wannan ne karo na fari da aka tabbatar a jikin mutane cewa kumburi yana cikin masu laifi, ba ɗan kallo ba ne. Sai dai waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa da cututtuka masu kama jiki, gama an raunana sojojinsu. Ga ta kuma da tsada ƙwarai. Ba a amince a riƙa ba da ita don ciwon zuciya ba.

Daga nan aka juya ga wani tsohon magani mai araha, kolcisin, wanda ake samu daga wani fure, an kuwa daɗe ana ba masu ciwon gaɓoɓi irin na gawut. A 2019 gwajin mutum 4,745 ya nuna raguwar kashi 23 cikin 100. A 2020 wani na mutum 5,522 ya nuna kashi 31. Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023. Amma a 2024 wani gwaji na mutum fiye da 7,000 bai ga amfaninsa ba. Likitocin zuciya suna ba wasu marasa lafiya, suna hana wasu, musamman masu ciwon ƙoda ko hanta, gama in ya yi yawa guba ne.

A nan sai mu ja kunne. Kada wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya ce a ba shi maganin kumburi don zuciyarsa. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibuprofen, waɗanda leburori da manoma suke sha kamar gyaɗa, suna rage kumburin gwiwa, amma suna ta da hawan jini, suna wahalar da ƙoda, shan su kullum kuma yana ƙara hatsarin ciwon zuciya. Wani ɗan'uwansu, Vioxx, janye shi aka yi daga kasuwannin duniya a 2004 saboda haka.

Zuciyar mai jego

Akwai wani ciwon zuciya da ya shafe mu fiye da yawancin mutanen duniya, tsatsa kuma tana da hannu a ciki. Mace lafiyayya takan haihu, ko tana watan ƙarshe, sai zuciyarta ta yi rauni ta kasa tura jini. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ga tari da dare. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, aka kuma ƙiyasta yana samun mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari a yankin. Binciken da aka buga daga Sakkwato a 2007 ya sami kusan haka. A lokacin an ɗora laifin a kan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai zafi ƙwarai, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya bai tabbatar su ne tushen ciwon ba, gama ana samunsa ga matan da ba su yi ko ɗaya ba. Duk da haka kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jikin wadda zuciyarta ta riga ta raunana.

A 2007 wata masaniya a Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner, ta nuna a jikin ɓeraye cewa in tsatsa ta yi yawa a zuciya bayan haihuwa, takan sa a datse sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun da ya fita kuwa yana lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. A Kano kuma Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2015 cewa wajen kashi uku cikin huɗu na masu ciwon da suka auna suna da ƙarancin seleniyam ƙwarai, wato wani sinadari da jiki yake bukata don ya ƙera masu kashe tartsatsi. Cikin lafiyayyun masu jego, wajen ɗaya cikin biyar ce take da irin wannan ƙaranci.

Wannan ba dalili ba ne na hana jariri nono, ba kuma na sayen seleniyam a kasuwa ba, gama yawansa yana cutarwa. Abin da ke wuyan miji da uwar miji da ungozoma shi ne su san alamun. Mai jegon da take haki in ta je bayan gida ta dawo, ba ragwanci ba ne, ba kuwa “jini ne bai gama fita ba.” A kai ta asibiti ranar.

Yara ma suna da nasu. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, in wata irin ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba a kuwa yi magani ba, yana iya sa sojojin jiki su rikice su fāɗa wa ƙofofin zuciya. Yaro ya girma da zuciya mai yoyo. Penisilin da aka ba da a kan kari yana hana wannan.

Abin da ke hannunmu

Tun da ba a sami ƙwayar da ke goge tsatsa ba, sai a rage abin da ke kawo ta. Wanda ya bar taba, cikin shekara guda hatsarin ciwon zuciyarsa yakan sauka zuwa wajen rabin na mai sha. Matarsa da 'ya'yansa ma sun huta, gama su ma shaƙa suke yi.

Hayaƙin madafa ba a cika maganarsa ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku ta hanyar ciwon zuciya. Dubi bangon madafarku yadda ya yi baƙi, ka tuna uwargida tana ciki safe da yamma da goyo a baya. In ba halin gas, a buɗe taga babba, a yi amfani da busasshen itace, a dafa a waje sa'ad da ba ruwa. Kada a hura wuta da leda.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana ga babba, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya daɗi ba tare da an jefa dunƙule biyar ba. Ganye da 'ya'yan itace ana so su kai giram 400 a rana. Ba sai tuffa daga waje ba. Zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kabewa, gwanda, mangwaro, gwaiba, lemo, kowanne a lokacinsa. Wake da gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farin burodi da lemon kwalba. Man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi yana kumfa, tsatsarsa ta riga ta kama tun a kasko, a zubar da shi.

Manomi da mai ɗiban ruwa ba sa bukatar a ce musu su motsa jiki. Ma'aikacin ofis da mai shago da direba su ne abin ji. Minti 150 a mako ake so, misali tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar.

Hawan jini ba ya ciwo, ba a gane shi da ciwon kai. Awo kaɗai ke nuna shi. Kowane babba ya riƙa aunawa, in ya wuce shekara arba'in kuwa ko sau ɗaya a shekara, tare da sukari. In awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, ana bukatar ganin likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi, gama sauƙin daga maganin yake.

In kuwa wani a gida ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhu, yana gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, ko bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa masa mai ko jiran gari ya waye. Mata da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin zafin ƙirjin sosai, sai gajiya mai tsanani da tashin zuciya da haki. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, gama likita zai tambaya. A nemi mota, a ɗauki duk magungunan da yake sha a leda, a tafi da su.